Tukwane Talatin a Gidan Igwai

Tun daga Ƙonni na san tafiyar nan ba da ƙafar dama na shige ta ba. Kayana biyu ne: jakar tufafi, da kwali guda da na shirya tukwanena shida a ciki, kowace na naɗe ta da tsumma na cusa mata ƙaiƙayi. Su ne shaidata. Niyyata duk wanda ya ce mini me na iya, in buɗe kwalin kawai in yi shiru. Da muka tsallaka iyaka muka sauya mota, sai kwandasta, wani ƙato mai jajayen haƙora, ya wurga kwalin bisa mota ya kawo buhun albasa biyu ya danne shi.

Na ce, "Malam, don Allah, abin fashewa ne a ciki."

Ya ce, "Mi na ciki?"

Na ce tukwane ne. Sai ya juya wajen fasinjoji ya tafa hannu. "Jama'a ku ji wagga! Tukwane za ta kai Sakkwato. Hajiya, can ƙasarku an ce maku cikin tafin hannu muke dahuwa?"

Mota duk ta ɗauki dariya, har da wata tsohuwa da na ba rabin biredina. A tashar Sakkwato na buɗe kwalin. Biyar sun zama tsingaro, ta shida bakinta ya ɓalle. Na zauna a kan jakata na yi kuka a gaban masu sayar da ruwa, ba wanda ya ce mini ko sannu.

Sunana Zuwaira, 'yar Miriya ce ni, kusa da Damagaram. Uwata maginiyar tukwane ce, uwarta ma haka. Ni ce aka sa lakwal, wato makarantar boko, na yi karatun fasaha a Yamai, a can na koyi gina tanderun bulo da ake gasa tukwane a ciki da wuta mai ƙarfin da ta fi ta ciyawa nesa ba kusa ba. Na dawo ina koyar da zane da ginin yumɓu a wata makaranta a Damagaram. Abin da na fi so a duniya kuwa tukwane ne masu murya: in gina tukunya, in huda mata ciki, in rufe bakin da fata, a buga ta yi magana, kowace da irin muryarta. Yumɓu da fata da sauti, aikina ke nan.

Wata Hajiya Luba, mai cibiyar koyar da mata sana'a a unguwar Gidan Igwai da ke Sakkwato, ita ta ga hoton aikina a waya ta kira ni. Ta ce in zo in koyar wata huɗu. A ƙarshe manyan baƙin da ke tallafa wa cibiyar za su zo kallo, in abin ya burge su, ajin tukwane ya zama nawa na dindindin. Shugaban makarantarmu ya ce ba hutu, in na tafi kada in dawo. Na ajiye masa makullin ajina na fito. Saboda haka ranar da nake kuka a tasha, ba ni da aiki a baya, a gaba kuma ajin nan ne kaɗai.

Hajiya ba ta aiko kowa tarbata ba. Ɗan kabu-kabu ya ji harshena ya zaga da ni gari kamar mai neman ɓataccen jaki, kafin ya sauke ni ƙofar cibiyar da ashe ba ta da nisa. Na sami Hajiya a ofis, fanka na kaɗa mata mayafi. Mace ce fara, mai sanyin murya, irin waɗanda ba sa ɗaga sauti don ba su taɓa buƙata ba. Na miƙa mata tukunyar da ta rage. Ta juya ta da ɗan yatsa ɗaya.

Ta ce, "Wagga ce ta cikin waya? Hoto dai bai da tsoron Allah."

Ɗakin da aka yi mini alkawari ya zama sito, inda ake tara kekunan ɗinkin da suka lalace. Taga ɗaya, ita ma an toshe ta da kwano. Na san zafi, mu ma ba a cikin randa muke zaune a Damagaram ba, amma zafin ɗakin nan daban ne, kullum da ciwon kai nake tashi. Duk wanda ya zo cibiyar sai Hajiya ta nuna ni ta ce, "Ga 'yar Nijar ɗinmu," kamar wata akuyar da ta sayo da araha. Abin da na fi kewa ba abinci ba ne. Ƙarar bugun tukunyar Iya ce da hantsi, daf, daf, daf, wadda tun ina goye nake jin ta.

Mata goma sha takwas aka ba ni. Akwai kuma wata tsohuwa, Inna Tumba, maginiya daga Ƙofar Marke, da Hajiya ta ɗauka don ta riƙa kawo yumɓu tana kwaɓawa. Baƙa ce, siririya, yatsunta sun kanannaɗe saboda aiki. 'Yarta Hadiza, mace mai 'ya'ya huɗu, tana cikin ɗalibaina.

A nan zan faɗi laifina, don ban zo wanke kaina ba. A Miriya baƙuwar maginiya ba ta taɓa yumɓun gari sai ta kai wa tsofaffin sana'a goro har gida, ta durƙusa ta ce a nuna mata halin ƙasar. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Amma takardar Yamai ta hau mini kai, ga haushin dariyar mota bai sake ni ba, na ce a raina ba wanda zan sake sunkuya wa a garin nan.

Kwana na uku ina tsaye ina bayanin yadda ake ɗaga wuyan tulu, sai Inna ta ja curin yumɓu gabanta. Kafin in gama surutuna ta gina tulu sumul ta ajiye. Mata suka sa guɗa. Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan barkono. Na taka na je na kama hannunta, hannun da ya girmi uwata, na ce, "Ba haka ake yi ba, Inna, jikin ya yi kauri. Shi ya sa kuke gashi da ciyawa da kashin shanu. Wannan wuta ai wasan yara ce. Bari in gina tanderu ki ga wuta."

Hadiza ta sunkuyar da kai. Inna ta zare hannunta a hankali ta goge a zani.

Ta ce, "To, Malama."

Daga ranar ba ta ƙara gina komai a gabana ba. Ta kawo yumɓu, ta kwaɓa, ta zauna a inuwa tana kallo. In na wuce ta ce, "Sannu da aiki, Malama," tana jan kalmar kamar ƙullun alewa.

Yumɓun nasu mai kyau ne, mai danƙo, sai dai cike yake da wata farar tsakuwa ƙanana kamar tsakin shinkafa. A gida mukan daka tsingaro mu zuba a yumɓu don ya yi ƙarfi, sai na ɗauka Allah ne ya hutar da ni daka. Har na faɗa a aji, na ce ƙasarku ta zo da mahaɗinta. Na ga Inna ta ɗaga ido ta dubi Hadiza, Hadiza ta dubi ƙasa. Ban kawo komai a raina ba.

Mutum ɗaya ne ya ɗauke ni mutum a garin nan, Malam Buba baduku, mai rumfa a Ƙofar Atiku, wanda nake sayen fatar akuya a wurinsa. Dattijo ne mai raha. Ranar farko da na gaya masa abin da zan yi da fatar, ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce shekara hamsin yana dukanci bai taɓa yi wa tukunya hula ba. Shi ya zauna ya zaɓar mini fata mai laushi, ya nuna mini ɗaurin da ba ya saki. Duk Juma'a matarsa takan aiko mini tuwon shinkafa da miyar sure. Ɗiyata yake ce mini. Wata rana ina ba shi labarin aji, sai ya ajiye basilla.

Ya ce, "Ɗiyata, kin tahi gaida Tumba gida?"

Na ce, "Baba, kullum fa muna tare."

Ya ce, "Tare daban, gaisuwa daban. Ni ban san yumɓu ba, amma na san Tumba. Matambayi ba ya ɓata."

Na ce to, na sha shayina na tashi. Ban je ba.

Wata uku muna gini. Tukwane talatin muka yi, daga ƙarama kamar kan jariri har babba da sai mutum biyu sun ɗauka. Kuma a gaskiya na koyar, ban ɓoye komai ba. Inda ake huda ciki, faɗin baki, yadda kaurin gindi ke sauya murya, duk na zazzage musu. Hadiza ta fi kowa tambaya. Takan tsaya bayan an tashi ta ce, "Malama, ƙara nuna mani ɗaurin ga." Ina jin daɗi, ina cewa ga wadda ta san darajar ilimi.

Ana nan sai aka kawo babban ƙyallen sanarwa aka rataya a bakin ƙofa. Hoton tukwanena ne a jiki, a ƙasa an rubuta cewa fasahar Hajiya Luba ce. Na duba sama da ƙasa, ba sunana ko a lungu. Na shiga ofis na tambayi Hajiya ina sunana.

Hajiya ta ce, "Ke da za a ba aji sukutum, mi za ki yi da ƙyalle? Baƙin ga ni sunka sani. Ki bari su gani tukuna."

Na haɗiye. Wanda ba shi da wurin komawa ba ya zaɓen abin da zai haɗiya.

Tanderun da hannuna na gina shi, bulo bisa bulo, a tsakiyar bazara. Ranar gashi tun da safe muka kunna, na yi ta cusa itace har cikin ya koma ja, daga ja ya koma kamar rana. Mata suka ja da baya suna salati. Da ya huce muka buɗe, ko ɗaya ba ta fashe ba. Jajaye, masu sheƙi, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji ƙarau kamar ƙarfe. Na ɗauki guda na kai wa Inna har inuwarta, ina so in ga idonta. Ta karɓa da sauran ɗuminta, ta juya, ta kai kunne.

Ta ce, "Wuta ta ci su ƙwarai. Allah shi kai mu damina, Malama."

Na ce amin da ƙarfi. Ni a zatona yabo ne.

Kwana goman da suka biyo baya su ne kaɗai na ji daɗin Sakkwato. Muka ɗaura fatu, muka jera tukwane a rumfa, mata suka koyi bugu. In su goma sha takwas suka haɗa hannu, sai ka ji kamar ƙasa ce ke numfashi. Masu wucewa a titi kan tsaya su leƙo ta katanga. Na kira Iya a waya na ɗora mata ta ji, ta ce, "Zuwaira, wannan duk ke ce?" Na ce ni ce, Iya, aji ya zama nawa an gama.

Ana gobe baƙi za su zo, da la'asar, hadari ya haɗo aka yi ruwan farko. Gari ya yi sanyi, ƙamshin ƙasa ya tashi, kowa na murna. Ruwa bai taɓa tukwanen ba, suna cikin rumfa, iska mai laima ce kawai ke shiga tana fita.

Da safe na shiga rumfar na ga ɓarɓashi a ƙasa. Na duba tukunya ta farko, wani ɗan wuri ya ɓantale kamar an ƙwaƙule da farce, a tsakiyar ramin ga farin gari. Ta biyu wuri uku. Ina tsaye na ji ƙas! a bayana, wani ɓallin ya faɗo da kansa, ba wanda ya taɓa. Ban san mene ne ba, ban taɓa gani ba, ba a Miriya ba, ba a Yamai ba. Abin da ya kamata in ruga in gaya wa Hajiya. Sai na ɗauki tsintsiya na share, na juya wuraren da suka ɓantale suka dubi bango, na ce Allah ka rufa mini asiri na awa biyu kawai.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Baƙi suka zo da manyan motoci, maza da manyan riguna, mata da leshi, aka jera su a kujerun roba. Hajiya ta yi jawabi mai tsawo a kan yadda tunanin ya zo mata. Mata suka zauna kowace da tukunyarta, na ɗaga hannu, suka buga.

Bugun farko muryar ta fito a dishe. A na biyu ɓallin wata tukunya ya yi tsalle ya faɗa cinyar wani Alhaji a layin gaba, farin gari ya baɗe masa riga. Sai ta hannun wata ɗaliba ta tsage tun daga baki har gindi, fatar ta saki ta faɗo. Sai wata. Babbar, wadda na yi sati biyu ina ginawa, ta buɗe gida biyu kamar kabewa, mai bugun ta zauna da rabi a kowane hannu tana kallona. Wani daga baya ya ce, "A'a, wannan kiɗa ne ko rusau?" Aka fashe da dariya. Masu waya suka ɗaga suna ɗauka.

Hajiya ba ta ko girgiza ba. Ta karɓi lasifika ta ce, "Ku yi haƙuri. Wagga baƙuwa ce munka ɗauko don taimako, ashe ba ta san aikin ba. Amma ɗiyan gida na nan."

Sai na ga Hadiza ta tashi ta shiga bayan ofis, ta fito da tukwane uku a cikin kwando. Baƙaƙe, masu kauri, gashin ciyawa. Hudar cikinsu tawa ce, faɗin bakin nawa ne, ɗaurin fatar wanda na tsaya bayan aji ina nuna mata ne. Ita da mata biyu suka zauna suka buga. Muryar ba ta kai ta nawa ba ranar da suke da lafiya, wallahi ba ta kai ba, amma ta fito, kuma ba abin da ya fashe. Baƙi suka miƙe suna tafi. A nan take, ina tsaye a gefe da farin gari a zanina, aka ce ajin tukwane na Malama Hadiza ne.

Da aka watse Hajiya ta aiko a ce mini in share rumfa kafin in kwashe kayana, sito kuma ana bukatarsa jibi. Na share. Kwando tara na kwashe na zubar a bayan katanga, ɗalibaina na wucewa ta gefena kamar ba su taɓa ganina ba.

Washegari da hantsi na tambayi hanya na je Ƙofar Marke, gidan da ya kamata in je tun wata huɗu. Na sami Inna a tsakar gida, ta baje yumɓu a tabarma tana tsince farar tsakuwa ɗaya bayan ɗaya tana jefawa a gwangwani. Ban yi niyyar durƙusawa ba, sai ga ni durƙushe a gabanta.

Na ce, "Inna, me ya fasa mini tukwane?"

Ba ta ɗago ba. Ta ɗauki tsakuwa guda ta nuna mini. "Wagga. Barci take cikin ƙasa. Wutarmu ta wasan yara ba ta tashe ta. Taki ta tashe ta, kuma da ƙishirwa take tashi. Duk randa ta shaƙi laima sai ta kumbura, ta fasa abin da ke riƙe da ita."

Na ce, "Ba magani?"

Ta ce, "Awo, akwai. Mu ma in iska ta hura wuta ta yi yawa a gefe guda, tukwanen gefen nan tsoma su ruwa mukan yi tun da ɗuminsu, tsakuwar ta sha ta ƙoshi gaba ɗaya, ta kwanta. Ranar da kinka kawo mani tukunya inuwa, ga randa nan cike kusa da ƙafarki."

Na dube ta. Na ce, "Kina gani, Inna. Wata uku kina gani ina ginawa. Kin san na bar aikina, kin san ba ni da kowa a garin nan. Tsoma su ruwa, kalma uku, kika hana ni?"

Sai a lokacin ta ɗago. Ba fushi a fuskarta, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, "Kin tambaye ni? Ke ce Malama. Ni kwaɓa yumɓu anka ɗauke ni." Ta mayar da kai kan tabarma. "Shekara sittin ba wanda ya kama mani hannu sai uwata. Ke kinka kama shi gaban ɗiyata. Ki gaida gida."

Malam Buba ne ya raka ni tasha. Bai ce ai na gaya miki ba, Allah ya saka masa. Ya sa aka ba ni kujerar gefen taga, ya miƙo mini ƙunshin fatu uku ta tagar, ya ce, "Hannunki bai fashe ba, ɗiyata." Mota ta tashi, na rungume fatun har muka wuce Illela.

Yau shekara biyu ke nan. Makarantar Damagaram ta ɗauki wani tun kafin in dawo. Ina Miriya a tsakar gidan Iya, ina gina tulu da kasko kamar kowace maginiya, ranar kasuwa in kai in zauna a rana, wani lokaci tsofaffin ɗalibaina su wuce su yi kamar ba su gane ni ba don kada in ji kunya. An ce mini ajin Gidan Igwai ya cika, har daga wasu garuruwa ake zuwa koyon tukunya mai murya. Ban yafe wa Inna Tumba ba, kuma ban ga ranar da zan yafe ba. Kaina ma ban yafe wa ba.

Iya ba ta san komai ba, na ce mata kwangila ce ta ƙare. Yumɓun Miriya ba shi da farar tsakuwa ko ɗaya, amma duk tukunyar da na ciro daga wuta sai na tsoma ta a ruwa tun da ɗuminta, hannuna ba ya yarda in ajiye ta haka. Rannan Iya ta tsaya a kaina tana kallo, ta ce wannan kuma wane sabon salo ne. Na ce a Sakkwato na koyo.

Ta gyaɗa kai ta ce, "Ashe kin samu tsohuwar kirki a can da ta riƙe ki. Allah ya yi mata albarka. Ki ce amin mana."

Na ce amin.